Zauren Iyali: Gyaran Ɗakin Baƙi Daidai Ƙarfin Aljihu

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau shi ne wata ziyara da muka kai wa wani ɗan uwa a unguwar Sukra, nan cikin birnin Sabha. Mun tarar da ɗakin baƙinsa cike da manyan kujeru ƴan Turkiyya, har sai mutum ya karkata kafin ya wuce, ga kuma ledarsu ba a cire ba don tsoron ƙura. Da aka kawo shayi dukanmu ƙasa muka sauka kamar yadda muka saba, kujerun suna kallonmu. Sai da hira ta yi nisa ya shaida mana cewa bashi ya ɗauko su a jajibirin Sallah, kuma wata uku ke nan bai aika wa mahaifiyarsa ko dala ba a Damagaram. Shi da kansa ya ce mu rubuta labarin, mu sakaya sunansa, ko wani ya tsira.

Ba mu ga laifin wanda ya so gidansa ya yi kyau ba. Girmama baƙo yana cikin alamomin imani, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Maƙwabtanmu Larabawa suna ji da ɗakin da suke kira marbu'a, yadda iyayenmu suke ji da zaure a Katsina da Maraɗi da Agadas, domin nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan ake sasanta masu husuma. Amma aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Kuma ya inganta cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wanda ya san wannan zai yi dogon tunani kafin ya ci bashi saboda kujera.

Ga kuma halin wurin da muke zaune. Yawancin kayan ɗaki daga waje suke shigowa ta bakin teku, sannan a ɗoro su a mota daga Tarabulus ko Misrata, tafiyar da ta haura kilomita 700, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin motar. Babban Bankin Libiya ya karya darajar dinari a Janairun 2021, ya sake rage ta da kashi 13.3 cikin ɗari a Afrilun 2025, kowace ragewa kuwa a kan farashin kayan waje take sauka. Sannan mafi yawanmu ƴan haya ne, kuma baƙi. Waɗanda suka ga shekarar 2011 sun san abin da mutane suka bari a gidaje suka hau manyan motoci zuwa Dirku, kuma ko a Janairun 2025 an sauke ƴan Nijar fiye da 600 a can, waɗanda aka kora daga ƙasar nan. Saboda haka ƙa'idarmu ta farko ita ce: baƙo ya sa kuɗinsa a abin da zai iya naɗewa ya ɗauka, ko ya sayar cikin yini guda.

Kafin a kashe ko dinari ɗaya, a fitar da duk abin da ke ɗakin waje, a share, a dube shi wayam. Sau da yawa cunkoso ne ke muzanta ɗaki. Abin da aka shekara ba a taɓa ba a sayar, kuɗinsa ya zama jarin aikin. A nan ne kuma maigida zai zauna da uwargida su yi shawara, domin ita ce ke share ɗakin kullum, ta fi kowa sanin inda ƙura ke shigowa.

Sai bango. Ɗan haya ya fara neman yardar mai gida, in kuma sun amince za a cire kuɗin gyara daga na haya, to a rubuta a gaban shaidu, don alkawarin baka kan narke ranar da aka ɓata. A duba tsaga da kyau, musamman a gidajen da ruwan Satumbar 2024 ya taɓa, a toshe ta da jibis ko siminti, a bari ta bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a Sabha kuwa kunama ce ke shiga. Wanda fenti ya fi ƙarfinsa ya nemi farar ƙasa, wadda ake kira jir a kasuwa. Tana da araha, tana haskaka ɗaki, amma tana cin hannu da ido, don haka a sa safar hannu, a nisanta yara. A shafa ta da ruwa-ruwa sau biyu ko uku, kada kuma a tsorata in ta yi toka-toka tana ɗanya, sai ta bushe farinta ke fitowa. Daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya, inda baya da kai ke jingina, a yi fentin mai mai ɗan duhu wanda ake iya gogewa. Ranar da iskar gibli ke kaɗawa a ajiye aikin, in ba haka ba rairayi zai manne a bangon.

A kan wurin zama ne muke son a tsaya a yi tunani, domin nan kuɗi ke tafiya. Mutanen Libiya da kansu, har da masu hali, a kan mindar suke karɓar baƙi, wato siririyar katifa da ake jerawa a jikin bango da matasai a baya. Ɗakin da kujeru za su ɗauki mutum shida, mindar za ta ɗauki goma sha biyar, in dare ya yi kuma ta zama makwancin ɗan uwan da ya sauka daga hanya. Wanda yake da tsohuwa ya danna sosonta, in yana tasowa to riga kawai take bukata. A auna bango, a sayi yadi mai kauri launin ƙasa ko ja mai duhu wanda ba ya tona asirin ƙura, a kai wa tela daga cikin ƴan uwanmu, a ce ya sa zif don a riƙa cirewa ana wankewa. Mai sayen ta hannu kuwa ya bincika ɗinkinta saboda kuɗin cizo, ya shanya ta a rana kwana biyu ko uku kafin ta shiga ɗaki. Kada kowa ya ji kunyar wannan zama. Sayyidina Umar ya shiga wurin Annabi (SAW) ya tarar tabarma ta yi shata a jikinsa, matashinsa kuwa na fata ne da aka cusa wa zaren dabino, irin wanda ke zube a gonakin Fezzan.

Sauran abubuwa ƙanana ne. Labule mai kauri yana tare rana da ƙura. Ƙwan lantarki fari mai cin wuta kaɗan, da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, sun wadatar. Ado kuwa muna da namu: faifai uku ko huɗu a jere a bango, tumtum na fata ɗinkin Agadas, da allon da yaro ya yi sauka da shi. A kafa ɗan kanta sama don Alƙur'ani da littattafai, a bar kusurwar gabas fili yadda za a shimfiɗa darduma ba sai an ja kaya ba.

Game da kuɗi, a raba aikin wata-wata: bango a wannan wata, rigar mindar a na gaba, labule a bayansa, kuma kowane wata sai an fitar da haya da abinci da saƙon gida tukuna. A guji sayayya a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kasuwa ke cika, teloli kuma ba sa ɗaga kai. Mai kwasar adashi ya jira kwasarsa, daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗan uwanmu na Sukra ya sayar da kujerun da ƴar hasara, ya biya mai kanti, ya aika gida. Da muka koma mun zauna mu tara a kan mindar, ya zuba shayi yana dariya, ya ce ashe gaskiyar magabata ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya rufa mana asiri, ya biya wa masu bashi, ya sa albarka a gidajenmu, ya mayar da kowane baƙo ga iyalinsa lafiya.