Mura Da Sujadar Lahadi

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako a ɗan filin da ka saba ba ni.

Hunturu ya kama, Kirsimeti ta gabato, mura ta shigo gari. Maganata yau ga 'yan'uwana Kirista take, amma malamai ma su saurara, gama cuta ba ta tambayar addini.

Bara na tashi ran wata Lahadi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Na ce kada a ce akawu ya yi sanyi wajen ibada, sai na tafi majami'a. Na tarar an rufe tagogi saboda sanyi. Na yi waƙa, na sha hannu da kowa. Ran Laraba wani dattijo da muke zama benci ɗaya ya kwanta, har aka kai shi asibiti. Ya warke, amma har yau in mun gamu sai in sunkuyar da kai.

Likitoci sun ce ƙwayar wannan mura tana fita cikin tari da atishawa da waƙa, tana kuma manne wa hannu. Wanda ya ɗauka yakan yi kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana. Tsofaffi da jarirai da masu ciki ta fi kayarwa. Kada mu raina ta. Marisuwa, wadda ta sauka Ikko cikin Satumba 1918 ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, irinta ce. A 2020 kuma mun ga korona ta rufe majami'u da masallatai.

Saboda haka ina roƙon dattawan ikilisiya abu huɗu. A buɗe tagogi, kowa ya zo da mayafinsa. A ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. A gaisa da baki, a bar shan hannu sai mura ta wuce. Wajen Jibin Ubangiji a ba kowa ƙoƙonsa.

Kai kuwa mai zazzaɓi, zauna gida ka yi addu'arka, Allah yana ji daga nan. Wannan ba raunin bangaskiya ba ne, ƙaunar maƙwabci ce. Da na san haka bara, da dattijon nan bai sha wuya ba. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu