Tele ma tana jin zafi

Ina da shawara guda da nake so in ba ka, kuma na san wasu za su yi mini dariya. Shawarar ita ce: in kana da tele a gida, ka saya mata ƴar ƙaramar fanka tata ta kanta. Kafin ka yi dariyar, saurari abin da ya same ni.

Wata shekara da bazara, bayan an sayar da albasa, na sayi tele da dekoda a kasuwar Ƙonni. Na sa kafinta ya yi mini akwati mai ƙofar gilashi. Uwargida ta ɗinka kyakkyawan ƙyalle ta rufa a kai don ƙura. Kowa ya shigo sai ya yaba. Ba a yi wata goma sha biyar ba, wata rana da yamma muna kallo, sai tele ta ɗauke. Aka kunna, ta sake ɗaukewa. Na ɗauke ta bisa babur na kai wa mai gyara. Ya buɗe bayanta, ya duba, ya ce: "Baba, ina kake aje wagga tele?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce: "Ai dafa ta kuka yi. Zahi ne ya kashe ta." Kuɗin gyaran da na biya ya isa ya sayi irin fankar da nake magana har sau da yawa.

To, me ya sa zafi ke kashe kayan wuta?

Duk abin da ke cin lantarki yana fitar da zafi. Taɓa bayan tele in ta yi awa biyu a kunne, za ka ji. Shi ya sa masu ƙera ta suka bar ƴan ramuka a bayanta da ƙasanta. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. In ka toshe ramukan da ƙyalle, ko ka manna tele da bango, zafin zai tsaya a ciki.

A cikin tele da rediyo akwai wasu ƴan abubuwa masu kama da ƙaramin gwangwani. Masu gyara suna ce musu kondansata. Akwai ɗan ruwa a cikinsu. Zafi yana busar da ruwan a hankali, kansu ya kumbura, su daina aiki. Masana lantarki suna da lissafi a kan wannan: duk lokacin da zafi ya ƙaru da awo 10, rayuwar kondansata tana raguwa da rabi. Wato wanda zai yi shekara 8, sai ya yi 4. In zafin ya ƙara hawa da wani 10, sai ya yi 2.

Yanzu duba ƙasarmu. A takardar da ke zuwa cikin kwalin tele, yawanci ana rubuta cewa kada zafin wurin ya wuce awo 35 ko 40. Mu kuwa a Ƙonni, da Malbaza, da Illela, a watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce 40 a inuwa. Ɗakin da aka rufa da kwano, ba silin, ya fi waje zafi. Ka ga tun ba a kunna tele ba, ta riga ta kai iyakarta. Kayan nan a Sin da Koriya da Japan aka ƙera yawancinsu. Mu da muka kawo su nan, mu ya kamata mu taimake su.

Ba sai ka fara da kashe kuɗi ba. Akwai abubuwa huɗu da ba sa cin ko dala.

Na ɗaya, cire ƙyalle duk lokacin da za a kunna. Bayan an kashe, a bari ta huce kafin a mayar da shi.

Na biyu, bar fili kamar faɗin tafin hannu tsakanin tele da bango, da kuma kowane gefe. In tana cikin akwati, a cire katakon baya, ko a huda shi da yawa.

Na uku, kada ka ɗora kaya bisa kaya. Dekoda bisa akwatin sauti, rediyo bisa dekoda: na ƙasa yana gasa na sama. Kowanne a ba shi wurinsa.

Na huɗu, zaɓi wurin da ya fi sanyi. Nesa da taga da rana ke shigowa, nesa da murhu, nesa da kwanon rufi. Ɗakin laka mai azara ya fi ɗakin kwano alheri ga kayan wuta.

In ka yi waɗannan, sai maganar fanka. Akwai ƴar ƙaramar fanka mai kusurwa huɗu da ke cikin kwamfuta, ba ta fi tafin hannu ba. Masu gyara suna cire ta daga matattun injuna, ana kuma sayar da sabuwa. Tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, irin ta batirin mota ko na pano. Akwai wata kuma mai bolt 5, wadda ake soka wa a ramin USB na tele. Wannan ta fi sauƙi, don in tele ta tashi fanka ta tashi, in an kashe ta tsaya.

Ka gane wani abu: fanka ba ta sanyaya iska kamar firiji. Aikinta korar iska mai zafi, don sabuwa ta maye wurin. Saboda haka wurin da aka sa ta yana da muhimmanci. A sa ta a sama, ta bayan akwati, fuskarta tana hura waje, tana zuƙo zafin tana fitarwa. A ƙasa kuma a bar ƙofar da iska za ta shiga. In akwatin a rufe yake ruf, fanka za ta yi ta juya zafi ɗaya a wuri ɗaya, aikin banza ke nan.

Na san abin da wani zai ce: "Mu mutane muna gumi ba mu da fanka, sai ƙarfe za a yi wa fifita?" Gaskiya ne, mutum ya fi ƙarfe. In kuɗinka na fanka ɗaya ne kuma akwai jariri ko tsoho a gida, su za ka fara saya wa. Amma ka tuna da guminka ka sayi telen nan. Wani albasar Galmi ya noma, wani cin rani ya je Abijan ko Legas, wata awaki ta kiwata. In tele ta mutu, gumin ne ya tafi. Ga kuma samarin da suka buɗe gidan kallon ƙwallo a Badagishiri ko Dogarawa. Tele ita ce gonarsu. Ranar da ta mutu ana tsakiyar wasa, ranar ba cefane.

Wani kuma zai ce fanka za ta shanye masa batir. Mu yi lissafi tare, tunda yanzu mun iya. Ƙaramar fanka tana cin kamar wat 2. Tele matsakaiciya ta zamani tana cin kamar wat 40. Raba 40 da 2, ka sami 20. Wato abin da tele ke ci a awa ɗaya, fanka sai ta yi awa 20 kafin ta ci shi. Wannan ba ya kashe batir.

Magana ta uku ita ce ta fi ƙarfi, ita ce ƙura. Da hunturu, fanka tana jawo ƙura cikin akwati, ƙura kuwa in ta taru tana zama kamar bargo bisa kayan ciki. Wannan haka yake. Maganinsa, da sanyin hunturu ka kashe fankar, ba a bukatarta sosai. Ka sa ɗan guntun gidan sauro a ƙofar shigar iska, ka riƙa kakkaɓe shi. Kafin bazara ta kama, a watan Maris, ka kai kayan wurin mai gyara ya hure ƙurar.

Akwai kuma batir da inbata. A shekarar 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. A wannan tsakanin gidaje da yawa suka dogara da pano. Pano yana son rana, amma batir ba ya sonta. Batir mai ruwa ya fi daɗewa a awo 25, zafi yana rage masa kwana kamar yadda yake yi wa kondansata. Aje shi a inuwa, wurin da iska ke ratsawa. Kada ka kulle shi cikin akwati, don in yana caji yana fitar da wata iska mai kama wuta. Kada a sha taba ko a kunna ashana kusa da shi.

Ga gargaɗi uku, ka riƙe su da kyau. Kada ka haɗa fanka mai bolt 12 da wutar bango kai tsaye, don ta bango 220 ce, za ta ƙone, tana iya tada gobara. Kada ka buɗe bayan tele da kanka, musamman tsohuwa mai ƙaton baya, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga bango. Kada kuma ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kanta don ta huce. Ruwa da lantarki ba sa shiri. Aikin haɗa waya, a bar wa wanda ya koya.

Ƴar'uwa mai karatu, wannan magana har da ke, don ke ce a gida yawancin lokaci. In kin ji tele ta yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kanta, ko kin ji ƙauri, ki kashe, ki cire waya daga bango. Da tsakar rana, daga azahar zuwa la'asar, a bar ta ta huta in ba dole ba.

Tawa telen, tun da aka gyara ta na cire bayan akwatin, aka sa mata fanka, ta ga bazara uku ba ta koma wurin mai gyara ba sai don hure ƙura. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yau in ka koma gida daga makaranta, sa hannu a bayan telenka, ka duba ko akwai fili tsakaninta da bango. In babu, matsar da ita tun kafin a kunna labaran dare.