Corvette Ba "Ferrarin Talaka" Ba Ce, A Daina Maimaita Tsohon Labari

Yau ba maganar batir za mu yi ba, ba kuma ta yadda ake dawo da hotunan da suka goge ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci min rai, jiya kuma aka sake faɗa min ita a shago.

Wani saurayi ne ya kawo waya a canja masa sikirin. Yana jira yana kallon bidiyon motoci a wayar abokinsa, sai ga Corvette ta fito. Ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai Ferrarin talaka ce. Motar Amurka a miƙaƙƙen titi kawai ta iya gudu, da ta ga kwana shi ke nan." Na tambaye shi a ina ya ji. Ya ce ai kowa ya sani. To ni a sana'ata, duk abin da aka ce "kowa ya sani" shi nake fara zargi. Kowa ya sani cewa shinkafa tana gyara wayar da ta faɗa ruwa, ga su nan kuma ana kawo min su da tsatsa a ciki.

Idan kai ma kana cikin masu wannan magana, ɗan'uwa, labarinka ya tsufa. Da can gaskiya ne, ba na musu. A Amurka man fetur ya fi na Turai araha nesa ba kusa ba, titunansu faffaɗa ne, ka yi tafiyar awa guda ba ka juya sitiyari ba. Don haka suka saba ƙera ƙaton inji su dasa a gaban mota mai nauyi. A Turai mai na da tsada, ƙasashe da dama suna ɗora haraji bisa girman inji, ga tituna matsattsu masu hawa da gangara. Dole ta sa suka koyi ƙera mota mara nauyi da ta iya shan kwana. Ford Mustang har zuwa samfurin 2014 tayoyinta na baya a kan sanda guda suke, irin tsarin motar ɗaukar kaya: taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ma ta ji a jikinta. Sai a 2015 aka raba su. Har yanzu ma akwai masu wannan hali. Dodge Challenger Demon 170 tana da ƙarfin doki 1,025, tana cinye mita 402 cikin sakan 8.91, amma nauyinta ya kusa tan biyu. Ita kam don miƙaƙƙen titi aka yi ta, masu ita ma ba su ɓoye ba.

Amma ka ɗauki Challenger ka yi wa duk motocin Amurka kuɗin goro da ita? Wannan zalunci ne.

Ko a wancan zamanin ma maganar ba ta cika ba. A 1963 kamfanin Ford ya nemi sayen Ferrari, ciniki ya kusa faɗawa, Enzo Ferrari ya janye. Henry Ford II ya fusata ya ce a je a kayar da su a gidan da suka fi ƙarfi, wato tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda Ferrari ta ci sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. A 1966 Ford GT40 ta zo ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Ta sake ci a 1967, 1968 da 1969. Na san abin da za ka ce, ai a Ingila aka fara ƙera GT40. Haka ne. Amma wadda ta ci a 1967 a Amurka aka ƙera ta, Amurkawa biyu ne kuma suka tuƙa ta, Dan Gurney da A.J. Foyt. Ferrari ba ta sake cin Le Mans gaba ɗaya ba sai 2023. Kuma Le Mans ba miƙaƙƙen titi ba ne kawai, awa 24 ake yi ana birki ana kwana, dare da rana.

Bar tarihi, mu zo kan abin da ake sayarwa yanzu. A 2020 Chevrolet ta ɗauke injin Corvette daga gaba ta mayar da shi bayan kujerar direba, inda Ferrari da Lamborghini suke ajiye nasu. Amfanin haka shi ne nauyi ya dawo tsakiya, tayoyin baya su samu abin da zai danne su a ƙasa, mota ta juya ba gardama. Ƙarfin doki 495, daga tsaye zuwa gudun kilomita 96 cikin ƙasa da sakan uku. Farashin farko: dala 59,995. A wannan shekarar Porsche 911 Carrera mafi araha ta kusa dala 100,000 a Amurka, da ƙarfin doki 379. Ka sake karanta lambobin nan a hankali.

Sai labarin da ya fi burge ni, domin irin aikinmu ne. Lokacin da injiniyoyin Corvette za su ƙera injin Z06, sai suka sayi injin Ferrari 458, suka kwance shi ɗaya bayan ɗaya suka ga yadda aka yi. Wasu na faɗar wannan a matsayin abin kunya. Ni wallahi ban ga kunya ba. Duk mai gyaran waya da ka sani, da matacciyar wayar wani ya koyi aiki. Abin tambaya shi ne, bayan ka buɗe, me ka fito da shi? Injin Ferrari 458 yana ba da ƙarfin doki 562. Wanda suka fito da shi a Z06 ta 2023 yana ba da 670, yana juyawa har sau 8,600 a minti, ba tare da turbo ba. A jerin injinan silinda takwas marasa turbo da aka taɓa sa wa motar kasuwa, babu wanda ya kai shi. Farashinta ya fara daga dala 106,000 da ɗoriya, alhali sabuwar Ferrari mai inji a tsakiya, 296 GTB, ta haura dala 300,000.

To amma duk wannan lamba ce a takarda, ni kuma na fi kowa sanin takarda tana ƙarya. Waya mai megafiksel 108 nawa na gani da hotonta bai kai na mai 12 ba? Don haka mu je inda ake gwada kwana da gaske.

A Jamus akwai filin tsere da ake kira Nurburgring. Zagaye ɗaya kilomita 20.8 ne, cikin daji da tsaunuka, kwana bayan kwana, hawa da gangara, wani wurin motar har tashi take yi sama. Can kamfanonin Turai suke kai motocinsu su nuna wa duniya. Gidansu ne. A 2024 Ford Mustang GTD ta zagaye shi cikin minti 6 da sakan 57, ta zama motar kasuwa ta farko daga Amurka da ta sauka ƙasa da minti bakwai. A 2025 ta koma ta yi minti 6 da sakan 52. A 2025 ɗin dai Corvette ZR1 ta yi minti 6 da sakan 50.7, yayarta ZR1X ta yi minti 6 da sakan 49.2. Kuma Corvette ɗin nan biyu ba ƙwararrun direbobin tsere aka ɗauko haya ba, injiniyoyin kamfanin ne da kansu suka tuƙa. Motar da "da ta ga kwana shi ke nan" ba ta yin wannan lokaci a Nurburgring. Ƙarshenta a jikin ƙarfen gefen titi za a kwashe ta.

Yanzu bari in ba ka makamin da za ka yaƙe ni da shi, tunda na san ba ka da shi. Porsche 911 GT3 RS ta zagaye wannan fili a 2022 cikin minti 6 da sakan 49.3. Ƙarfin dokinta 518 kacal. ZR1X tana da 1,250. Wato Porsche da ƙasa da rabin ƙarfin ta yi kunnen doki da ita. Yaya aka yi? Nauyinta kusan kilo 1,450 ne, ZR1X ta fi ta da fiye da kilo 300. Ga ƙaton fiffike a bayanta wanda tare da sauran jikin motar yake sa iska ta danne ta ƙasa da nauyin kilo 860 idan ta kai gudun kilomita 285. Duk inda kwana take, Porsche tana shiga da gudun da mai nauyi ba za ta iya ba. Wannan gwaninta ce, na cire musu hula. Kuma har yanzu lokacin da ya fi kowane a motocin kasuwa na Bajamushiya ne, Mercedes-AMG One, minti 6 da sakan 29. Gaba da gabanta.

Sai dai ka lura da inda gardamar ta koma. Da cewa kake motar Amurka ba ta iya kwana. Yanzu muna lissafin sakan ɗaya da rabi ne tsakanin ZR1 da GT3 RS a zagayen kilomita 20. GT3 RS ta fara daga sama da dala 220,000, ZR1 ta samfurin 2025 ta fara daga dala 174,995. AMG One kuwa kuɗinta ya haura dala miliyan biyu, guda 275 kawai aka yi. Sannan idan titin ya miƙe, ZR1 ta taɓa kilomita 375 a awa, a wani filin gwaji a Jamus ɗin dai, shugaban kamfanin General Motors, Mark Reuss, ne a kan sitiyari. GT3 RS ba ta kai 300 ba, fiffiken nan da ke taimakonta a kwana shi ke riƙe ta.

Akwai kuma abin da masu bidiyo ba sa nuna maka, shi ne ranar da abu ya lalace. Ni kullum daga nan nake auna kaya. Mai tsadar waya ya fi kowa shiru idan na faɗa masa kuɗin sikirin. Injin Corvette ta talakawa, Stingray, ɗan gidan injinan nan ne da Chevrolet take yi tun 1955, an ƙera fiye da miliyan 100 daga wannan zuri'a, 'yan'uwansa suna cikin motocin ɗaukar kaya irin su Silverado. A Amurka kusan duk garin da ka shiga akwai bakaniken da ya san cikinsa, kayan gyara kuma ba sai an yi odarsu daga wata ƙasa ba. Injin Z06 da ZR1 daban ne, da hannu ake haɗa su, ba zan ce maka gyaransu araha ne ba. Amma ko su a dilan Chevrolet ake duba su. Ferrari kuwa idan ta yi tari, sai ka nemi garin da ke da wakilinsu.

Za ka ce araha ba ta ado. Na yarda cikin Porsche ya fi kyau, fatar Ferrari da ɗinkinta sun fi, kuma wasu samfuransu ko sun tsufa kuɗinsu ba ya faɗuwa, wani lokaci ma hawa yake. Dalili a fili yake. Ferrari motoci 13,663 ta sayar a duk duniya a 2023, da gangan take taƙaita su. Corvette ta samfurin wannan shekarar an ƙera fiye da 50,000. Abin da ya yi ƙaranci dole ya yi tsada. Wanda ya sayi Ferrari yana sayen tambarin doki ne, da tarihi, da shiga wani rukuni da ba kowa ake bari ya shiga ba. Kuɗinsa ne, ba ni da ja. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce ninkin kuɗin nan na gudu ne ko na kwana. Ka ce kana son sunan, mu wuce wurin. Haka nake faɗa wa mai sayen waya saboda hoton da ke bayanta: saya abinka, amma kar ka ce min ta fi wadda ke gefenta riƙe caji alhali ni na buɗe su duka biyun.

Na san da ni da kai da saurayin nan babu wanda zai sayi ko ɗaya cikinsu bana. Datarmu kawai muke ƙonawa a kansu. To tunda za a ƙona, a ƙona a kan abin da ke da agogo. Daina kallon bidiyon da aka yanka sakan goma sha biyar aka ɗora masa kiɗa, ba a nuna maka wa ya fara taka totur ba. Shiga YouTube ka rubuta sunan motar tare da Nurburgring. Zagayen ZR1 yana nan, na GT3 RS ma yana nan, daga cikin motar aka ɗauka, da lokaci da gudun suna tafiya a kan sikirin. Ka lura da gudun da kowacce take shiga kwana da shi, da wanda take fita da shi. Kowanne bai kai minti takwas ba. Idan datarka ta yi ƙasa, danna alamar saiti a saman bidiyon ka sauke ingancin zuwa 480, lambobin suna karantuwa.