Kyan Wilo Daga Nesa Ne

'Yan uwa marubuta, mun saba ganin bishiyar wilo a finafinan Ingila da Amurka, rassanta sun zubo a bakin ruwa, masoya na hira a gindinta. To, ku tambayi mai ita a gida. Itacenta gautsi gare shi. Duk sanda hadari ya taso da iska a lokacin zafinsu, da kwasar karyayyun rassa zai wayi gari. Saiwoyinta kuwa mayun ruwa ne, har bututun magudana suke kutsawa su toshe shi.

A ganina, bishiyar bakin rafi ce, ba ta tsakar gida ba. In za ku saka ta a labari, kada ku manta da mai shara.