Kada Mu Kulle Yara Ranar Kirsimeti

'Yan'uwa cikin Kristi, a garuruwan da muke tsiraru, tsoro ya sa wasunmu suna kulle yara a gida ranar 25 ga Disamba. Mun san dalili, ba mu raina shi ba. Amma yaron da bai taɓa sa sabon kaya ya kai wa maƙwabta shinkafa da cincin ba, me zai tuna in ya girma? Maƙwabtan nan fa su ne ke aiko mana da naman Layya.

Iyaye, mu raka su da rana, mu dawo kafin magariba. Da dare a hura wuta saboda hunturu, kaka ta ba su labarin makiyayan Baitalami. Fastoci kuma, a taƙaita wa'azi, domin yaran makarantar Lahadi su samu lokacin wasan kwaikwayonsu.