Mai Ɗaki Ita Ta San Inda Yake Yoyo



Da kakar da ta wuce an gayyace mu zaman rabon gado a wani ƙauye da ke tsakanin Minjibir da Kunya. Mamacin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai da gonaki uku ƙanana, irin gonakin wannan yanki namu da sau da yawa gamba ce kaɗai ke raba ta wannan da ta wancan. Da aka zo kan gona ta uku, sai matar mamacin ta yi gyaran murya daga ƙofar cikin gida, ta ce wannan ba ta Malam ba ce, jingina ce. Ba ta rufe baki ba ƙanen mamacin ya tari numfashinta. Ya shiga karanta mata abin da ake nufi da jingina, da inda ta bambanta da aro da haya da saye, dalla-dalla, da irin muryar da ake koya wa yaro alwala. Ya rufe da cewa mata kan rikita waɗannan abubuwa. Mazan da ke zaure suna ta gyaɗa kai, kuma mu faɗi gaskiya, muna cikin masu gyaɗawar, domin ma'anonin da ya kawo babu kuskure a cikinsu. Sai da ya gama sannan ta aiko ƙaramin ɗanta da wata tsohuwar takarda da ta ciro daga ƙasan akwatinta. Yarjejeniyar jinginar ce, da rubutun ajami, har da sunayen shaidu. Kuɗin da aka bai wa mai gonar ma na awakinta ne da ta sayar. Hukuncin cin amfanin gonar jingina wani zance ne daban, za mu zo masa wata rana in Allah Ya so. Abin da ya hana mu barci a daren shi ne, da matar nan ta ji kunya ta ja bakinta, da mun raba wa marayu gonar wani da hannunmu, muka shafa fatiha muka tashi.

Wannan ɗabi'a ba ta da suna guda a Hausa. Tana tsakanin raini da iyayi da katsalandan. Turawa sun yi mata suna ta hanyar haɗa kalmar namiji da kalmar bayani, bayan wata marubuciya Ba'amurkiya, Rebecca Solnit, ta ba da labarinta a shekarar 2008. A wajen wata liyafa wani mutum ya tsare ta yana ba ta labarin wani muhimmin littafi da ya kamata ta sani, alhali ita ce ta rubuta littafin, shi kuwa bai ma karanta shi ba, sharhinsa kawai ya gani a jarida. Mu a nan za mu kira abin bayanin raini.

Mun san wani zai ce, to ga malam ya ɗauko ƙorafin matan Turai ya hau da shi mumbari. Sunan ne baƙo, cutar kuwa tsohuwa ce. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya fassara girman kai da abubuwa biyu, ƙin karɓar gaskiya da raina mutane, kuma bai ware mata daga cikin mutane ba. Duka biyun sun haɗu a zauren nan da muka ba ku labari.

Sai dai kada a zarce. Ba kowane bayani da namiji ya yi wa mace ba ne raini. Karantarwa wajibi ce, nasiha addini ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. Saboda haka mijin da ya san hukunci ya yi gum don kada a ce ya raina matarsa, shi ma bai tsira ba. Masu amfani da wannan kalma a kafafen sada zumunta don toshe bakin duk namijin da ya saɓa musu, su ma sun faɗa ramin da suke nuna wa wasu. Abin da ke mayar da bayani raini shi ne zaton da ya riga shi: ka yanke hukunci cewa ba ta sani ba tun kafin ka bincika, kuma ba ka da wani dalili sai kasancewarta mace. Akwai ma'auni mai sauƙi. Ka tambayi kanka, da dagaci ne ya faɗi wannan magana, ko wani dattijon manomi, shin zan soma koya masa ma'anar jingina, ko kuwa zan ce, ranka ya daɗe, yaya aka yi ka sani?

A cikin hira ana gane shi da katse magana kafin ta kai gaɓa, da amsa tambayar da ba a yi ba, da sauya murya zuwa ta lallashin yara. Wani lokaci kuma mace ta kawo shawara a yi kamar iska ce ta wuce, bayan ɗan lokaci namiji ya maimaita ta a ce kai, madalla da wannan hangen nesa. Amma mafi muni, kuma wanda ke cin rayuka, shi ne namiji ya yi wa mace bayanin jikinta. Mai ciki ta ce kanta na sarawa, fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, tana gani dishi-dishi, maigida ya ce mata ai haka ciki yake, uwata ta haifi goma ba ta taɓa zuwa asibiti ba. Waɗannan kuwa suna cikin alamomin da ke gabatar jijjiga. In ma an samu an je asibitin, ma'aikaciyar jinya ta tambayi matar yaushe jinin ya fara, sai mijin ya riga ta amsawa. Shari'a ba haka ta ɗauki mace ba. Ita ce abar amincewa a kan hailarta da cikar iddarta. Ɗalibin da ya sauke Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar mata biyu su kaɗai a kan abin da maza ba sa gani, kamar haihuwa da kukan jariri, alhali a kan wannan kukan ne ake gina gado da sallar gawa. Alƙali ya karɓi maganarta a kotu, kai kuma ka ƙi karɓa a tsakar gidanka.

Yanzu bari mu juya madubin ya kalle mu, mu masu rawani da lasifika, domin a wannan fage babu wanda ya kai mu. Mace ta aiko da tambaya a majalisi ko a shirin rediyo. Ta ce ta yi allurar tazarar haihuwa, jini yana zuwa mata kwana biyu ya ɗauke kwana uku ya dawo, yaya za ta yi da salla? Daga yadda ta tsara tambayar kowa zai gane ta wuce Ahalari da Iziyya, ta san kwanakin al'ada, ta san ƙarin kwana uku, ta san iyakar kwana goma sha biyar. Abin da take nema shi ne yadda za ta harhaɗa kwanakin jinin da ke yankewa. Sai malam ya fara daga ma'anar haila a lugga, ya gangara kan ma'anarta a shari'a, ya ratse ya yi wa'azi a kan masu gudun haihuwa, ya rufe da falalar biyayya ga miji. Lokaci ya ƙare. Baiwar Allah ta koma gida ba ta san ko gobe za ta yi sallar asuba ko ba za ta yi ba. Mun yi irin wannan, ba sau ɗaya ba, muna neman gafarar Allah. Sau da yawa ma dogon bayanin mayafi ne da muke rufe rashin sanin amsar da shi, domin cewa ban sani ba a gaban mata ya fi mana nauyi fiye da faɗarsa a gaban maza.

Magabata ba haka suke ba. Haula 'yar Sa'alaba ta zo tana jayayya da Manzon Allah (SAW) a kan ziharin da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata, tana maimaita kukanta, ba a ce ta yi shiru ba, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, Ummu Salama ce ta ba da shawarar ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, ya karɓa, kuma matsalar ta warware. Gyare-gyaren da Nana A'isha ta yi wa manyan sahabbai sun kai yawan da Imam Zarkashi ya tara su a littafi guda. Halifa Usman ɗan Affan, da hukuncin inda mai takaba za ta zauna ya taso, aikawa ya yi aka tambayi Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'id Al-Khudri, domin ita abin ya faru a kanta, sannan ya yi hukunci da abin da ta faɗa. Ba za mu kafa hujja da shahararriyar ƙissar matar da ta yi wa Umar gyara a kan sadaki ba, domin malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, kuma ba ma buƙatarta.

Wadda ta fi tsaya mana a rai tana cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni. Abubakar ɗan Muhammad ɗan Amr ɗan Hazm, mai riƙe da hukunci a Madina, ya tsare wani mutum da ya saci zobban ƙarfe, yana shirin yanke masa hannu. Labari ya kai wa Amra 'yar Abdurrahman, ɗalibar Nana A'isha, sai ta aika masa baiwarta, a gaban jama'a, da saƙon cewa ba a yanke hannu a abin da bai kai rubu'in dinari ba. Bai zaunar da 'yar aiken ya karanta mata babin haddi ba. Sakin mutumin ya yi. Hannun ɗan Adam ya tsira saboda mai mulki ya iya sauraron mace. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis da ke kai karatu ƙauyuka, kuma ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo ba su ɗauke ta ɗalibar da za a koya wa baƙi ba.

Masu fakewa da shugabancin da Allah Ya ba miji su sani cewa nauyin ciyarwa da kariya ne aka ɗora musu, ba a ba su takardar shaidar sanin komai ba. Wanda ya fi kowa daraja, da ya ba manoman Madina ra'ayinsa a kan barbarar dabino, amfanin ya zo da rauni, sai ya mayar musu da al'amarin sana'arsu, ya tabbatar musu su suka fi saninta. To ina ga saurayin da ya kalli bidiyon minti uku a waya, ya zo yana koya wa mahaifiyarsa yadda ake suyar gyaɗa, matar da kuɗin manta da ƙuli-ƙulinta ne suka biya masa kuɗin makaranta? Minjibir ta yi suna da saƙa, amma zaren da masaƙa suka ɗora a kan masaƙarsu mata ne suka kaɗa shi da mazari a cikin gidaje, kuma ba a taɓa jin masaƙi mai hankali ya shiga koya musu kaɗi ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Ka bari ta gama. Malaman sira sun ruwaito cewa Utba ɗan Rabi'a ya zo da tayin dukiya da mulki don a bar kiran Musulunci, Manzon Allah (SAW) ya saurare shi har ƙarshe, ya tabbatar ya gama, sannan ya yi magana. Mushiriki ke nan, balle uwar 'ya'yanka. Kafin ka soma bayani ka tambaya, me kika sani a kan wannan? In ta riga ka sani ka huta, in ba ta sani ba ka gane inda za ka faro. In kuma shawararta ce ta yi aiki, ka ambaci mai ita a gaban mutane.

A zaman gadon nan, an nemo ɗaya daga cikin shaidun da ke raye, ya tabbatar da takardar. Aka cire gonar daga cikin abin rabo, aka rubuta kuɗin jinginar a matsayin haƙƙin matar, aka fitar mata da tumuninta daga sauran. Muna naɗe tabarma sai ƙanen mamacin ya matso kusa da mu, ya rage murya, ya ce, Allah gafarta malam, ai dama abin da nake ta ƙoƙarin fahimtar da ita ke nan.