Sirotonin da saurin hannu

A 1979 Gerald Brown da abokan aikinsa a Amurka suka auna ruwan ƙashin bayan wasu sojoji masu larurar ɗabi'a. Waɗanda suka fi yawan faɗa su ne masu ƙarancin burbushin sirotonin, sinadarin da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa taka birki. A 1983 aka ga haka a Finland, musamman ga masu kai hari cikin fushin nan take.

Sai dai nazarin 2013 da ya tattara bincike 144 ya nuna alaƙar ba ta da ƙarfi. Giya, ƙwaya da azabar ƙuruciya na da nasu kason, kuma yawancin masu taɓin hankali ba sa dukan kowa. Abin takaici, a garuruwanmu har yau ana sa musu mari a ƙafa, alhali likita suke buƙata.